Abubakar Ar-Razi: Likitan da ya ɗiga wa maganar magabata ayar tambaya

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu leƙa ƙasar Farisa, wato Iran ta yanzu, domin mu kawo muku tarihin wani likita da ya bar duniya kimanin shekara 1100 da suka wuce, amma har gobe masana ba su gama gardama a kansa ba. Sunansa Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya Ar-Razi. Turawa na kiransa Rhazes. Ta fannin aikin likita, Gabas da Yamma duk sun sara masa. Ta fannin addini kuwa, wasu sun kira shi mulhidi, wasu kuma sun ce ƙazafi abokan gabarsa suka yi masa. Abin da ya jawo masa yabon shi ne ya jawo masa zargin, wato ɗabi'arsa ta ƙin karɓar magana don girman wanda ya faɗe ta kawai, sai ya ga hujja.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu kau da wani ruɗani. Kalmar Ar-Razi na nufin mutumin garin Rayyi, kamar dai yadda muke cewa Bakatsine ko Ba'adare, kuma malamai da yawa sun amsa wannan laƙabi. Wanda muke magana a kansa daban yake da Fakhruddin Ar-Razi mai babban tafsirin nan da malamanmu suka sani, wanda ya rasu a shekara ta 1210. Daban yake kuma da Abubakar Ar-Razi Al-Jassas, malamin fiƙihun Hanafiyya mai littafin Ahkamul Ƙur'an, wanda ya rasu a shekara ta 981.

Haihuwarsa da tasowarsa

Bisa ga lissafin masanin nan Al-Biruni, an haifi Ar-Razi a shekara ta 251 bayan Hijira, daidai da 865 Miladiyya, a garin Rayyi. A wancan zamani Rayyi babban birni ne na kasuwanci da ilimi a kan hanyar fatake tsakanin Bagadaza da Khurasan, kuma a nan aka haifi Halifa Haruna Rashid. A yau garin ya shige cikin kudancin birnin Teheran.

Masu rubuta tarihinsa sun ce da ƙuruciya kiɗa ya sa a gaba, yana kaɗa wani abin kiɗa mai tsarkiya da Larabawa ke kira ud. Daga baya ya koma ga alkimiyya, wato sana'ar narka ƙarafa da haɗa sinadarai da fatan a mayar da ƙarfe mai araha ya zama azurfa ko zinariya. Daga wannan kalma ta Larabci ne ma Hausa ta samo kalmar kimiyya. Aikin likita kuwa sai da ya zama magidanci sannan ya shige shi gadan-gadan.

Ya taso a lokacin da aka riga aka fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza. Wani Kirista mai suna Hunain ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a shekara ta 873, shi da almajiransa sun fassara mafi yawan rubuce-rubucen Jalinus da na Abuƙrat, manyan likitocin Girka. Ar-Razi ya karance su, ya haɗa da abin da ya samu na likitocin Indiya da na Suryaniyawa, sannan ya shiga gwada abin da ya karanta a jikin marasa lafiya.

Gidan asibiti ne makarantarsa

Ar-Razi ya shugabanci gidan asibitin Rayyi, daga bisani kuma ya riƙe wani gidan asibiti a Bagadaza. Gwamnan Rayyi na wancan lokaci, Mansur ɗan Ishaƙ na daular Samaniyawa, ya jawo shi a jiki, kuma don shi ne ya rubuta littafin Al-Mansuri mai kashi 10, wanda ya tattara ilimin likita tun daga ƙirar jikin mutum har zuwa zazzaɓi da dafi.

Ibn Nadim, mai littafin Al-Fihrist, ya kawo yadda yake koyarwa. Yakan zauna almajirai su kewaye shi sahu-sahu. Idan mara lafiya ya zo, sai ya fara da sahun baya. In sun gane ciwon, shi ke nan. In ya gagare su sai a miƙa shi gaba, har maganar ta iso wurin malam. An kuma shaide shi da tausayin talakawa, yana duba su kyauta, har yakan ba su abin sayen abinci. Saboda su da matafiya ya rubuta wani ƙaramin littafi na wanda ba shi da likita kusa, inda ya lissafa magungunan da ake iya haɗawa da kayan da ke cikin kowane gida ko kasuwa.

Abin da ya bambanta shi da sauran likitocin zamaninsa shi ne rubuta abin da ya gani. Yakan rubuta halin da mara lafiya ya zo da shi, da abin da aka ba shi, da yadda aka ƙare, ko an warke ko an mutu. Almajiransa sun tattara irin waɗannan bayanai kusan 900 a cikin littafin At-Tajarib. A wani wuri ya bayyana alamomin wani ciwo mai kama da sanƙarau: nauyin kai, ciwon wuya na kwanaki, gudun haske da rashin barci. Sai ya raba masu ciwon gida biyu, ya tsaga wa kashi ɗaya jijiya ya fitar da jini, ɗaya kashin kuma ya ƙyale su da gangan don ya kwatanta sakamako. Likitocin yau ba sa maganin sanƙarau da fitar da jini, to amma dabarar kwatanta kashi biyu ita ce har yanzu ake bi wajen gwada kowane sabon magani. Haka kuma da ya so sanin illar zaiba, biri ya fara ba wa, ya zauna yana lura da shi.

Littafinsa da ya fi shahara a duniya shi ne na agana da ƙyanda, wadda wasunmu ke kira dusa. A cikin babi 14 ya rarrabe cututtukan biyu dalla-dalla, inda ya nuna cewa ciwon baya ya fi tsanani ga mai agana, tashin zuciya da rashin natsuwa kuma sun fi yawa ga mai ƙyanda, sannan ya ja hankali a kan kula da idanun yaro don kada ya makance. Dalilin da ya bayar na cutar, cewa jini ne ke tafasa kamar yadda ruwan inabi ke tsimuwa, kimiyyar yau ta ture shi, domin an gano ƙwayar cuta ce ke haddasa ta. Amma siffanta alamomin da ya yi ya tsaya daram. Agana dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta kau da ita daga doron ƙasa a shekara ta 1980. Ƙyanda kuwa tana nan tana ɗaukar yara a ƙasashenmu na Sahel duk inda aka yi sakaci da allurar rigakafi.

Ya taɓa Jalinus

A wancan zamani, maganar Jalinus a wurin likitoci yankan wuƙa ce. Mutumin ya mutu fiye da shekara 600 kafin haihuwar Ar-Razi, amma ba mai iya buɗe baki ya ce ya yi kuskure. Sai ga Ar-Razi ya fito da littafi sukutum mai suna Ash-Shukuk ala Jalinus, wato shakku a kan Jalinus. Ya fara da nuna cewa shi almajirin Jalinus ne, kuma ba wanda ya amfane shi kamarsa, sai dai ilimi ba ya yarda da miƙa wuya ga malami ido rufe, kuma Jalinus ɗin da kansa ya zargi malaman da ke tilasta wa almajirai karɓar magana ba hujja. Daga nan ya bi shi ɗaya bayan ɗaya: bayaninsa a kan yadda ido ke gani, da hujjojinsa a kan dawwamar duniya, da yadda ya tsara tafiyar zazzaɓi, wanda Ar-Razi ya ce sau da yawa bai dace da abin da ya gani a gidan asibiti ba.

Tunaninsa a nan shi ne ilimi ƙaruwa yake yi. Na baya yana gadon abin da na gaba ya tara, ya ɗora nasa a kai, don haka yana iya hango abin da ya ɓace wa malaminsa ko da bai kai shi basira ba.

Bai kuma raga wa ƴan damfara ba. A cikin Al-Mansuri ya ware babi guda ya tona asirin masu yawo gari-gari da sunan magani: wanda ke ɓoye tsutsa a hannu ya ce daga kunne ko haƙorin mara lafiya ya ciro ta, da wanda ke nuna tsakuwa ya ce daga mafitsara ta fito. Ya yi wani rubutu a kan dalilin da ke sa jama'a su bar ƙwararren likita su bi ɗan damfara, da wani kuma da ke nuna cewa likita komai ƙwarewarsa ba ya iya warkar da kowace cuta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ko a kasuwa ya saurari mai lasifika yana tallar kwalba ɗaya mai maganin cuta arba'in, ya san irin mutanen da Ar-Razi yake nufi.

Sai dai shi ma yana da inda ya makale. Har ya mutu yana kan imanin cewa ana iya juya ƙarfe ya zama zinariya, ya kuma rubuta littattafai yana kare wannan ra'ayi. Duk da haka, littafinsa Sirrul Asrar ya yi amfani, domin a ciki ya kasa abubuwa gida uku, na ƙasa da na tsiro da na dabba, ya siffanta kayan aiki da hanyoyin tacewa da narkarwa a fili, ba tare da lulluɓe su da zaurance ba kamar yadda masu wannan sana'a suka saba.

Muƙabalar da ta jawo masa suna

Yanzu mun iso wurin da ake ta ce-ce-ku-ce. Ar-Razi ya yarda akwai Allah Mahalicci, Mai hikima, Mai jinƙai. Cikin jerin littattafansa ma akwai wanda ya rubuta don tabbatar da cewa ɗan Adam yana da Mahalicci mai hikima. Amma a falsafarsa ya ce abubuwa biyar ne ba su da farko: Mahalicci, da rai, da asalin abin da aka yi halitta da shi, da zamani, da wuri. Wannan ra'ayi ya saɓa wa aƙidar Musulmi cewa Allah kaɗai ne ba shi da farko. Abin da ya kai shi ga haka shi ne wahalar da yake gani kullum a gidan asibiti. Ya kasa daidaita yawan ciwo da baƙin cikin duniya da jinƙan Mahalicci, sai ya ɗora laifin a kan rai, wanda a cewarsa shi ya yi kwaɗayin haɗuwa da jiki cikin jahilci, Allah kuma ya ba shi hankali don ya gane kurensa ya nemi hanyar komawa.

A garin Rayyi an yi muƙabala a bainar manyan gari tsakaninsa da wani mai wa'azin Isma'iliyya, wani reshe na Shi'a, mai suna Abu Hatim Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekara ta 934. Shi ma wannan daban yake da Abu Hatim Ar-Razi malamin hadisi, wanda ya rasu a shekara ta 890. Abu Hatim ya rubuta yadda aka yi a littafinsa A'alamun Nubuwwa, inda yake kiran abokin karawarsa mulhidi.

Bisa ga ruwayar Abu Hatim, likitan ya kawo suka iri huɗu. Na farko, ya tambayi hikimar keɓe wasu mutane da annabci a bar sauran suna buƙatarsu, alhali Allah ya ba kowa hankalin gane abin da zai amfane shi da wanda zai cuce shi. Na biyu, ya ce wannan keɓewa ce ke sa kowace al'umma ta gaskata nata ta ƙaryata na wasu, har a kai ga zare takobi. Na uku, ya jero wuraren da yake ganin littattafan Yahudawa da Kiristoci da Majusawa da mabiya Mani da Musulmi sun saɓa wa juna. Na huɗu, ya zargi shugabannin addinai da hana mabiyansu tambaya, ya ce yawancin mutane gado da sabo ne suka riƙe su a kan abin da suke kai. Abu Hatim ya ƙara da cewa likitan ya ɗauki mu'ujizoji a matsayin dabaru, ya kuma fifita amfanin littattafan lissafi da taurari da magani.

Abu Hatim bai yi shiru ba. Ya ce ido ma shaida ne cewa mutane ba ɗaya suke ba wajen fahimta, akwai malami akwai almajiri, kuma shi kansa Ar-Razi a wurin wasu ya koya, wasu kuma a wurinsa suke koyo. Ya ce saɓanin da ake gani tsakanin annabawa, amincin Allah ya tabbata a gare su, na lafazi ne da shari'o'in zamani, amma manufarsu ɗaya ce. Ya ce yaƙe-yaƙe son mulki da dukiya ne ke kawo su. Sannan ya juya masa tambayar: su masana falsafar ai sun fi kowa saɓani, shi kansa ya saɓa wa Aflaton da Aristo da Jalinus, to wa za a bi? Amsar da aka ruwaito daga likitan ita ce duk wanda ya yi bincike iyakar ƙoƙarinsa yana kan hanyar gaskiya ko da bai kai ƙarshenta ba.

Manyan masana da dama sun yi masa raddi. Abul Ƙasim Al-Balkhi na Mu'utazila ya yi musayar rubutu da shi tun yana raye. Bayan rasuwarsa Al-Kirmani da Nasir Khusrau da Ibn Hazm na Andalus da Musa ɗan Maimun, malamin Yahudawa, duk sun soki falsafarsa. Ibn Sina ma ya nuna cewa da ya tsaya a kan duba marasa lafiya da ya fi masa. Abin lura a nan shi ne da alƙalami aka yaƙe shi. A shekara ta 922, yana raye, aka kashe Al-Hallaj a Bagadaza, amma shi Ar-Razi a garinsu ya ƙare kwanakinsa, yana rubutu yana koyarwa.

Waƙa a bakin mai ita

To, shin da gaske ya faɗi duk abin da aka jingina masa? A nan masana suka rabu. Al-Biruni, wanda ya tsara jerin littattafansa 184, ya ware biyu ya sa su a babin kafirci, ɗaya a kan annabci, ɗaya a kan dabarun masu da'awar annabci. Duka biyun sun ɓace. Abin da ya iso gare mu na sukar addini ta bakin abokan gabarsa ya biyo, musamman ƴan Isma'iliyya. Paul Kraus, wanda ya tattara rubuce-rubucensa na falsafa ya buga a Alƙahira a shekara ta 1939, da Abdurrahman Badawi na Masar, da Sarah Stroumsa a littafinta na shekara ta 1999, sun karɓi ruwayar Abu Hatim, suna ganinsa a matsayin mafi ƙarfin hali cikin masu tunanin ƙashin kai na wancan zamani.

Wasu kuma, irin su Peter Adamson a littafinsa na shekara ta 2021, suna ganin Abu Hatim ya ƙara gishiri. Hujjarsu ita ce littattafansa da suka tsira, kamar Aɗ-Ɗibbur Ruhani, ba su ɗauke da ƙaryata annabci, kuma Fakhruddin Ar-Razi ya ruwaito shi yana kafa hujja da ayoyin Alƙur'ani don kare ra'ayinsa. A ganinsu, abin da ya soka shi ne koyarwar Isma'iliyya cewa ba a sanin gaskiya sai ta hannun imami ma'asumi, da kuma bin malamai ido rufe. Hausawa dai sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a wannan shari'a bakin mai ƙara kaɗai aka ji sosai.

Irin wannan tacewa ta shafi har labaran yabo da ake bayarwa a kansa. An ce da za a gina babban asibitin Adudi a Bagadaza, shi ya rataya tsokar nama a unguwa-unguwa, ya zaɓi inda naman ya fi daɗewa bai ruɓe ba. Labarin da daɗin ji, sai dai an gina wannan asibiti fiye da shekara 50 bayan rasuwarsa.

Ƙarshen rayuwarsa

A wani ɗan littafi da ya rubuta don kare kansa daga masu cewa rayuwarsa ba ta masana falsafa ba ce, ya bayyana cewa ya rubuta littattafai kusan 200, ya taɓa rubuta shafi sama da 20,000 cikin shekara guda da ƙananan baƙaƙe irin na masu rubutun laya, ya kuma shafe shekara 15 dare da rana a kan wani babban kundi har ganinsa ya raunana, hannunsa ya shanye, ya koma neman mai karanta masa da mai rubuta masa. A ƙarshe yana ta rufe masa ido. Al-Biruni ya ce wani almajirinsa ya taso daga Ɗabaristan don ya yi masa aiki, amma da ya ji yadda aikin zai kasance sai ya yi masa godiya ya ce a bar shi, tun da ajali ya kusa. Ya rasu a Rayyi a shekara ta 313 bayan Hijira, daidai da 925.

Bayan rasuwarsa, waziri Ibnul Amid ya sayi tarin takardunsa daga hannun ƴar'uwarsa, ya sa almajiransa suka tsara su. Wannan shi ne Al-Hawi, wanda bugun Haidarabad ta Indiya ya kai mujalladi fiye da 20. A shekara ta 1279 wani likita Bayahude, Faraj ɗan Salim, ya fassara shi zuwa Latin bisa umarnin sarkin Sisiliya, aka kuma buga shi a garin Brescia na Italiya a shekara ta 1486. Kashi na tara na Al-Mansuri ya daɗe ana karantar da shi a jami'o'in Turai, har Vesalius, wanda daga baya ya gyara kura-kuran Jalinus a kan ƙirar jikin mutum, a kansa ya yi rubutunsa na farko a shekara ta 1537. A Iran ta yau akwai jami'a a Kermanshah da wata babbar cibiyar haɗa allurar rigakafi da ke ɗauke da sunansa.

Jama'a, haka duniya ta yi da Ar-Razi: ta adana littattafansa na magani, ta bar mafi yawan na falsafa suka salwanta. Malaman Musulunci ba su karɓi ra'ayinsa na abubuwa biyar ba, ba su kuma karɓi abin da aka jingina masa a kan annabci ba, amma hakan bai hana likitocin Musulmi da Kirista da Yahudu shan ruwan rijiyarsa ba har tsawon ƙarnoni. Mu kuma da muke zamanin da jita-jita a kan allurar rigakafi ke shiga gari kafin ma'aikatan lafiya su iso, tambayoyin da ya saba yi wa kowace magana suna da amfani gare mu: wa ya gani, sau nawa aka gwada, kuma me ya faru da waɗanda ba a ba maganin ba? Gani dai ya kori ji.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan Allah ya kai mu.